Daga Kuluba Zuwa Birnin Sin: Yadda Batta Ta Fi Tabar Da Ke Cikinta Daraja

A wata rumfa da ke unguwar Kuluba cikin birnin Wagadugu, ba nisa da titin Kwame Nkrumah, muka tarar da gardama ta kaure bayan sallar la'asar tsakanin wani dattijo da ɗan ƙanensa. Saurayin bai daɗe da dawowa daga Gwanzu ta ƙasar Sin ba, inda ya je sarin kayan waya, kuma a cikin tsarabarsa har da wata 'yar batta da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, mai launin busasshen dabino, an sassaƙa ta da siffar ɗan jallo, ga reshe da ganye sun kewaye ta. Ya ce wanda ya sayar masa ya tabbatar masa cewa da itacen gora aka yi ta, ta zuba garin taba ce, kuma ta haura shekara 200 a duniya. Saboda haka yana sa ran idan Allah Ya haɗa shi da Bature mai neman kayan tarihi, ita kaɗai za ta mayar masa da kuɗin jirgi.

Dattijon ya karɓa, ya juya ta, ya shinshina, ya miƙa masa abarsa. Sannan ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fito da wata batta ta fata, wadda riƙo ya sa ta yi baƙi tana sheƙi, ya ce, "Ɗana, wannan ta kakanka ce, da ita ya zo garin nan daga Katsina. Taka kuwa ban san uwarta ba, ban san ubanta ba." Saurayin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai wannan ko dala ashirin ba wanda zai taya."

Wannan gardama ce ta sa muka ga ya dace mu yi wa 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Sinkanse da Gaya da Malanbil da Kamba da Ƙonni da Illela da Jibiya da Maigatari ɗan bayani a kan waɗannan ƙananan abubuwa guda biyu. Yanzu da ƙafar 'yan kasuwarmu ta saba da Gwanzu, irin wannan batta za ta riƙa faɗowa hannun mutane, kuma wanda bai san inda kyawunta yake ba zai iya yin asara ta fuska biyu: ya sayi sabuwa da kuɗin tsohuwa, sannan ya yar da tsohuwar da ya gada a gida.

Zangon da aka rushe

Kafin mu je birnin Sin, bari mu fara daga inda muke tsaye. Hausawa ba baƙin jiya ba ne a Wagadugu. Tun zamanin fataucin goro ayarin Kano da Katsina da Sakkwato kan ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa a kan hanyarsu ta zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, ɗauke da kanwa da tufafin rini da kayan dukanci, su komo gida da goro. Duk inda madugu ya saba sauke ayari, nan zango kan kafu. Lokacin da Bafaranshen nan Binger ya iso Wagadugu a 1888, wato shekara 8 kafin sojojin Faransa su ci garin a 1896, ya tarar da unguwar da Hausawa ke zaune tare da Songai da Fulani. Sunan Zangwetin, wanda ake rubutawa Zangouettin da Faransanci, a harshen Mosawa yana nufin wurin Hausawa, kuma unguwar tana maƙwabtaka da Kuluba.

Shekarar 2003 ba za ta fita daga ran mutanen wannan yanki ba. A watan Mayu gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, wadda ba a sake buɗe ta ba sai a 2009. Kafin shekarar ta ƙare kuma katafiloli suka shiga tsofaffin unguwannin tsakiyar gari a ƙarƙashin shirin nan na gwamnatin Blaise Compaoré da ake kira ZACA, wanda ya ware fili kadada 85 domin gina ofisoshi da manyan kantuna. Rusau ɗin ya haɗa da Zangwetin da Tiedpalogo da Peuloghin da wani ɓangare na Kuluba, ya kuma tayar da mutane kimanin 12,500, aka ba masu gidaje filaye a wajen Waga 2000 da Nioko.

Duk wanda ya taɓa ƙaura cikin gaggawa ya san abin da ake fara lodawa a amalanke: gado da katifa, kwanon rufi, ƙofa da taga, keken ɗinki. Tsohon tandu da akushi da faifai da batta su ake bari a kango, ko a miƙa wa yara su yi wasa. Battar dattijon nan ta tsira ne kawai domin a aljihu take kwana.

Asalin battar Sinawa

Taba ba 'yar ƙasar Sin ba ce, kamar yadda ba 'yar ƙasar Hausa ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, jiragen ruwan Turawan Fotugal da na Sifen suka yaɗa ta, ta isa Sin da Afirka ta Yamma kusan lokaci guda, tsakanin ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17. A zamanin daular Qing, wadda ta karɓi mulki a 1644, sarakuna da fadawa suka rungumi shaƙar garin taba, suna ɗaukarsa a matsayin maganin mura da ciwon kai. Turawa a cikin ɗan akwati mai faɗin baki suke zuba nasu, to amma iskar ƙasar Sin tana da laima, sai garin ya jiƙe ko ƙanshinsa ya fice. Don haka Sinawa suka koma ga irin 'yan kwalaben da suka saba zuba magani, masu ƙaramin baki, suka yi musu murfi mai toshiya, suka liƙa wa murfin wani siririn cokali da ake ɗebo garin da shi.

Sarki Kangxi, wanda ya yi mulki daga 1661 zuwa 1722, ya kafa masana'antar gilashi ta fada a Beijing a 1696 a ƙarƙashin wani limamin Kirista Bajamushe mai suna Kilian Stumpf, kuma cikin abubuwan da aka riƙa ƙerawa a can har da waɗannan 'yan kwalabe. A zamanin jikansa Qianlong, daga 1735 zuwa 1796, abin ya kai ƙololuwa. Sarki kan yi wa hakimi ko jakada kyautar batta kamar yadda sarkin Hausa ke ba da alkyabba ko doki. Idan abokai biyu suka haɗu, kowa kan miƙa wa ɗan'uwansa tasa, kamar dai yadda mu muke miƙa goro, kuma daga irin battar da mutum ya fitar ake gane matsayinsa da zurfin idonsa. Har yau a ƙasar Mongoliya ana musayar batta wajen gaisuwa.

Babu abin da ba a yi batta da shi ba: gilashi, tangaran, koren dutsen nan mai daraja da ake kira jed, hauren giwa, ƙaho, ɓawon kwakwa, har da busasshen ɓawon lemu. Akwai ma wata dabara da za ta burge manomin duma, inda ake sa ɗan ƙaramin duma tun yana ɗanye a cikin mazubi mai zane, ya girma a ciki, ya fito da siffar mazubin da zanensa a jikinsa. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma masu zane irin su Zhou Leyuan da Ma Shaoxuan suka shahara da zura lanƙwasasshen alƙalami ta bakin kwalba su yi zane da rubutu daga ciki. Bayan faɗuwar daular a 1912 da yaɗuwar sigari, shaƙar taba ta ja baya, battocin suka tashi daga aljihu suka koma hannun masu tara kayan tarihi.

Ina kyawun ta gora yake?

Mai karatu zai iya tambaya, mutumin da ke da halin sayen battar dutse mai daraja ko ta hauren giwa, me zai yi da ta gora? A ƙasar Sin babu abin da ya kai gora araha. Da ita ake kwando da tabarma da tsinken cin abinci, da ita magina ke kafa abin hawa. To amma malamai da marubutan Sin sun daɗe suna girmama ta. A wajensu gora tana tsaye sak, iska ta lanƙwasa ta amma ba ta karya ta, cikinta kuma fayau yake, alamar mutumin da ba shi da girman kai. Saboda haka suke lissafa ta cikin tsirrai huɗu da suke yi wa laƙabi da mutanen kirki. Malamin da ya fitar da battar gora a gaban attajiri mai ta zinariya, yana gaya masa ne a fakaice cewa shi aiki yake kallo, ba tsadar kaya ba. Tunda itacen ba shi da wani kuɗi, duk darajar da battar ta samu daga hannun masassaƙi ta fito.

Garin da ya fi shahara da wannan sana'a shi ne Jiading, wanda yanzu yake cikin birnin Shanghai. A can ne wani masassaƙi mai suna Zhu Songlin ya kafa salonsa a ƙarni na 16, ɗansa Zhu Xiaosong ya gaje shi, jikansa Zhu Sansong ya ɗora. An san sunayensu har yau domin sukan sa hannu a aikinsu, marubutan zamaninsu kuma sun rubuta tarihinsu. A 2006 gwamnatin Sin ta sa sassaƙar gora ta Jiading cikin jerin sana'o'in gado na ƙasa da ake karewa.

Masu ido a wannan fanni abubuwa huɗu suke dubawa. Na farko shi ne riƙo. Batta abar tafin hannu ce, don haka kafin a dube ta sai an damƙe ta. Ta ƙwarai takan zauna a hannu daram, babu kaifi, babu inda ke sukar yatsa, kuma ba ta da nauyi, domin gwanin masassaƙi ta ɗan ƙaramin bakin nan yake bi ya rarake cikin sosai. Wadda aka huda mata rami kawai aka bar ta da nauyi, aikin gaggawa ne.

Na biyu shi ne jikin itacen. Yawancin battocin da aka sassaƙa da siffa daga saiwar gora ko gindinta aka fitar da su, inda itacen yake da kauri da murɗe-murɗe. Gwani ba ya faɗa da itace. Inda saiwa ta lanƙwasa, nan zai mayar wuyan ɗan jallo ko ƙugun gyaɗa, inda ƙulli ya fito, nan zai mayar da shi ɗan ƙwaro a kan ganye. Idan aka dubi wurin da aka yanke gora a gicciye, za a ga ƙananan ɗigo-ɗigo kamar an watsa riɗi, waɗanda su ne bakin jijiyoyinta, kuma masana suna ƙirga su cikin adon battar.

Na uku shi ne salon aikin. Ban da sassaƙa mai zurfi, akwai salon da ake barin fatar gora ta waje a inda zane yake, a kankare sauran wurin. Da shekaru suka tura, sai wurin da aka kankare ya yi duhu, zanen ya tsaya da haskensa. Duk wanda ya san yadda ake zanen ƙwarya ba zai sha wuyar gane wannan ba. Akwai kuma salon da ya yi tashe a zamanin Qianlong, inda ake ɓare siririn ɓawon cikin gora, a dafa shi, a danne shi ya miƙe, a liƙa a jikin battar katako, a goge har ta yi kama da hauren giwa. Zanen da ake yi kuma ba a banza yake ba. Siffar duma tana nufin albarka da tsawon rai, jemage kuma, wanda mu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, a wajensu alamar sa'a ne, domin a harshensu sunan jemage da kalmar sa'a lafazinsu ɗaya.

Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne launi. Sabuwar gora fara ce mai ɗan rawaya. Shekaru da gumin hannu su ke mayar da ita kamar zuma, daga nan ta koma ja mai duhu kamar dabino. Mu ma mun san wannan sheƙi. Shi ne muke gani a carbin dattijo, da sandar makiyayi, da ƙotar fartanyar da aka gada, da allon da ya ga sauka. Ba mai ne ba, ba fenti ba ne, hannu ne kawai da lokaci, kuma ba ya zuwa bai ɗaya: inda yatsa ke yawan taɓawa ya fi santsi, lungun zane kuma ya fi dishi-dishi.

Tsada da jabu

Abin da ke ruɗar 'yan kasuwa shi ne labarin gwanjo. Gaskiya ne cewa a watan Nuwamba na 2011 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wata 'yar kwalbar gilashi ta zamanin Qianlong a Hong Kong a kan dalar Hong Kong miliyan 25.3, wato sama da dalar Amurka miliyan 3. Amma wannan aikin fada ne, kuma ta fito ne daga cikin sanannen tarin Mary da George Bloch, wanda masana suka yi nazarinsa aka buga a littattafai. Masu sha'awar wannan kaya suna da ƙungiyarsu ta duniya tun 1968, sun san junansu, sun san hannun da kowace babbar batta ta bi. Abin da suke biya wa kuɗi, bayan kyau, shi ne asali. Battocin gora ba su kai wannan farashi ba, kuma tsofaffinsu na gaske ba su da yawa, domin gora tana tsagewa, ƙwari kuma suna cin ta.

Ga kuma wata magana da ya kamata duk mai zuwa Gwanzu ya riƙe. Tun 2007 ƙa'idar ƙasar Sin ta hana fitar da kayan tarihin da aka yi kafin 1911. Ke nan idan wani ya tare ka a kasuwa ya ce ga batta mai shekara 200, ɗayan biyu ne: ko dai ƙarya yake yi, ka yi asarar kuɗinka, ko kuma gaskiya ya faɗa, ka ɗauko abin da zai haɗa ka da jami'an filin jirgi. Haka zalika idan cokalin ko murfin na hauren giwa ne, wannan wata rigimar ce daban, domin an hana cinikin haure tsakanin ƙasashe tun 1989, ita kanta Sin ta rufe kasuwarsa ta cikin gida a ƙarshen 2017.

Dabarun tsofar da sabon kaya kuwa, mu Hausawa ba sai an koya mana ba. Wani masani Ba'amurke, Christopher Steiner, ya buga littafi a 1994 a kan kasuwar kayan gargajiya ta Abijan, inda ya nuna cewa Hausawa na cikin manyan dillalanta, ya kuma bayyana yadda ake sa sabon sassaƙe ya yi kama da tsoho. Abin da hayaƙi da jan goro da man takalmi suke yi a nan, shi ruwan shayi da rini suke yi a can. Wasu ma ba gora ba ce sam, roba ce aka zuba a mazubi, kuma ana gane ta da rashin ɗigon riɗin nan, da kuma layin haɗi da ke bin gefenta. Sunan sarki da aka rubuta a gindin batta ba shaida ba ne, domin shi aka fi kwaikwaya. Murfi ma ba shaida ba ne, domin ko a tsofaffin na gaske sau da yawa an sauya shi.

Tamu battar

Yanzu mu komo ga ta dattijo. Lokacin da Baturen Birtaniya Clapperton ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa mutanen garin, maza da mata, suna cin garin taba haɗe da kanwa, ba su cika shaƙarsa ta hanci ba, kuma suna rina haƙora da furen taba. Ƙasar Katsina ta daɗe da suna wajen noman taba, kanwar da fatake ke kai wa Gwanja kuma ɗaya daga cikin amfaninta shi ne haɗa garin taba. Ke nan tabar da kanwar da battar duk hanya ɗaya suka bi da goro, kuma ta nan suka biyo.

Yadda ake yin batta da tandu abin a tsaya a duba ne. Mai sana'ar yakan fara gina siffar abin da yake so da yumɓu, ya bari ya bushe. Sai ya jiƙa fata, ya kankare ta har ta yi laushi, ya riƙa liƙa ta a jikin yumɓun hawa-hawa. Idan ta bushe ta yi tauri kamar ƙaho, sai ya farfasa yumɓun da ke ciki ya zazzage, ya bar mazubi mara nauyi wanda babu ɗinki ko ɗaya a jikinsa, kuma ba ya fashewa ko ya faɗo daga kan raƙumi. A wajen Agadas akan jera siraran zaren kakin zuma a jikin battar, a sa ta a jan rini, sannan a ɓamɓare kakin, sai wurin da ya rufe ya fito da haske a kan ja. A ƙasar Hausa kuma dukawa kan yi wa tandu ado da ƴan yankakkun fata masu launi. Idan muka auna wannan da ma'auni huɗun nan na Sinawa, wato riƙo da jikin kaya da salon aiki da launin da hannu ya bayar, za mu ga babu inda tamu ta gaza.

Inda aka bar mu a baya shi ne wajen riƙo da rubutawa. Basine ya san sunan wanda ya sassaƙa gora shekara 400 da suka wuce. Mu kuwa tandayenmu da battocinmu suna nan a gidajen tarihi na Turai da Amurka, kuma galibi abin da ke rubuce a ƙarƙashinsu bai wuce Hausa ko Kano ba, babu sunan wanda ya yi. A gida kuma gwangwanin man zafi da robar magani sun maye gurbinsu, masu yin tandu suna ta raguwa, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in. Abin mamaki shi ne a Wagadugu muke, garin da ke karɓar baje kolin sana'o'in hannu na SIAO tun 1988, garin da ke da ƙauyen masu sana'a da maƙeran tagulla na Niogsin, kuma ba nisa da Kaya da ta yi suna da aikin fata. Masu neman aikin hannu har gida suke iske mu, mu ne ba mu shirya musu ba.

Shawara ga 'yan kasuwa

Ba tallar taba muke yi ba. Likitoci sun tabbatar cewa garin taba, ko na baki ko na hanci, yana da illa, kuma na baki yana jawo ciwon daji na baki. Ita ma Burkina Faso tana da dokar yaƙi da shan taba tun 2010. Su kansu masu tara battocin Sin yawancinsu ba sa shaƙa. Maganarmu a kan mazubin ce, kuma ga abin da muke gani.

Wanda ya ga battar gora a Sin ta ba shi sha'awa, ya saye ta a matsayin sabuwa da kuɗin sabuwa, ya karɓi rasit, ya kuma sayar da ita a matsayin sabuwa. Har yanzu akwai gwanayen sassaƙa a can, kuma sabon aiki mai kyau yana da masu saye. Ya duba ta a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Idan ya kawo ta gida, ya tuna cewa gorar ƙasar laima ba ta san hunturunmu ba, iskar Disamba da Janairu tana iya tsaga ta. Kada ya bar ta a rana ko cikin mota, ya naɗe ta a ƙyalle ya sa a akwati, kuma kada ya wanke ta ko ya shafa mata mai.

Wanda kuma yake da tsohuwar batta ko tandu a gida, kada ya goge ta da sabulu ko ya sake rina ta da nufin gyara, domin baƙin da yake gani datti, shi ne shaidar shekarunta. Ya sami takarda ya rubuta, da boko ko da ajami, sunan mai ita, da garin da ya fito, da wanda ya yi ta idan an sani, ya ɗauki hotonta da waya. Wannan ƴar takarda ita ce abin da Turawan gwanjo ke biya wa miliyoyi. Idan kuma ta kama sai an sayar, a tuna cewa ƙetare iyaka da kayan tarihi yana buƙatar izini. Nijeriya tana da dokarta ta 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, Nijar tana da ta 1997, Burkina Faso ma tana da tata dokar kare kayan gado. Wanda ya yi ganganci zai iya rasa kaya a hannun kwastan ko duwan.

Sannan masu jari a cikinmu su waiwayi sauran masu yin tandu da ke raye. Idan aka ba su aiki, aka biya su da daraja, aka kuma sa sunansu a jikin kaya, batta za ta iya komawa mazubin kwalli da turare da tsarabar baƙi, ta shiga rumfunan SIAO da na kasuwar Kurmi da sunan mai ita.

Game da gardamar Kuluba kuwa, kafin a kira magariba aka raba ta. Dattijon ya jiƙa gefen farin hankicinsa da ruwan buta, ya goga a gindin battar saurayin, sai ga ja ya fito a jikin ƙyallen. Muka duba bakinta a haske, ga ɗigon riɗi nan, wato gora ce ta gaske, kuma wanda ya sassaƙa ta ba ƙaramin gwani ba ne, to amma cikinta warin fenti yake, ba ta taɓa ganin taba ba. Aikin na ƙwarai ne, shekarun ne na ƙarya. Saurayin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Baba, to ba ni ta Kaka in gani." Dattijon ya miƙa masa, ya ce ba ta sayarwa ba ce, amma idan ya kawo takarda da biro gobe, zai gaya masa sunan unguwar da aka yi ta a Katsina.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gida lafiya.